Gobarar Daji: Kuɗin Gwamnati Kafin Wuta Ko Bayanta?

Manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata, kowa ya sani in kaka ta wuce, hunturu ya kama, ciyawa ta bushe ƙayau, ba abin da ke hana manomi barci kamar ya fito da dare ya hangi jan wuta a bayan gari. Wanda bai gama kwashe dammunansa ba gabansa ya faɗi, mai harawa a kan itace ya rasa sukuni, Bafilatani ya kama lissafin inda zai kai shanunsa in makiyaya ta ƙone. Wata rana 'yan farauta ne suka cinna don su kori gafiya, wata rana mai ɗiban zuma, wata rana guntun taba ne matafiyi ya yar. Kafin gari ya waye wahalar damina guda ta zama toka.

In wutar ƙarama ce, mutanen gari su fito da ɗanyen ganye su buge ta. To, in ta fi ƙarfinsu fa? Wa zai kawo motoci da ma'aikata, wa zai biya kuɗinsu, kuma bisa wane sharaɗi? Ƙasar Amurka ta zauna ta rubuta amsar wannan tambaya daki-daki, domin kowace shekara wuta tana cinye mata miliyoyin eka na daji da makiyaya. Ya kamata mu duba ƙa'idodin nan nasu, gama akwai abin koyi a ciki, akwai kuma abin gudu. Ni dai a ganina sun yi kyau wajen hanzari da rabon nauyi da tsare amana. Aibinsu guda ne, amma babba: hannun Gwamnati a sake yake bayan wuta ta tashi, a dunƙule yake kafin ta tashi.

YADDA ƘA'IDODIN SUKE

Amurka tana da jihohi 50, kowace da Gwamnanta da baitulmalinta, sa'an nan ga Gwamnatin Tarayya a bisansu. Kashe wutar da ta tashi a filin jiha ko a gonakin mutane nauyin jiha ne da ƙananan hukumominta. Amma akwai hukumar agajin gaggawa ta Tarayya, wadda suke kira FEMA, an kafa ta a 1979. Wata doka ta 1988, mai suna Dokar Stafford, ta ba ta ikon taimakon jihohi da kuɗi in wuta ta yi ƙarfi, kuma a 2001 aka tsara ƙa'idodin gudummawar da muke magana a kanta. Ga su a taƙaice.

Ta farko ita ce lokaci. Dole Gwamna ko wakilinsa ya nemi taimako tun wutar tana ci, ba a shawo kanta ba, kuma tana barazanar yin ɓarna mai girma. In an bari ta mutu, ƙofa ta rufe. Saboda haka an yarda a fara roƙon ta wayar tarho, ko da tsakar dare ne, takarda ta biyo baya. Shugaban hukumar na wannan yanki ya nemi shawarar wani masanin daji, ya yanke magana cikin 'yan sa'o'i.

Ta biyu ita ce abin da ake dubawa, abu huɗu ne. Ana duba ko wutar za ta taɓa rayuka da gidaje da muhimman wurare kamar asibiti da inda ake tara ruwan sha. Ana duba ko ma'aikata da kayan aikin jihar sun isa. Ana duba yanayin zafi da iska da bushewar daji. Ana duba irin asarar da za ta jawo wa tattalin arzikin wurin.

Ta uku ita ce rabon biya. Tarayya ta ɗauki kashi 75 cikin 100, jiha ta ɗauki 25. Watau a misali in jiha ta kashe dala miliyan 4 a kan wuta guda, za a mayar mata da miliyan 3. Ku lura da kalmar nan, mayarwa. Jiha ce za ta fara kashe nata, daga baya ta kawo lissafi.

Ta huɗu kamar nisabi ce. Ba a biyan kome sai abin da aka kashe ya kai wani haddi. Mafi ƙanƙantar haddin shi ne dala 100,000 a wuta guda, ko dala 500,000 in an tara na dukan wutar shekara. Jiha mai yawan jama'a kuwa nata haddin ya fi haka nesa, don da yawan mutane ake lissafa shi.

Ta biyar ita ce abin da ake biya da wanda ba a biya. Ana biyan kuɗin sansanin 'yan kwana-kwana da abincinsu, da hayar katafila da jiragen sama masu zuba ruwa, da gyaran kayan da suka lalace a bakin aiki, da kwashe mutane daga gari a ba su masauki, da 'yan sandan da suka tsare hanya, da binciken wanda ya sa wutar. Ma'aikacin da aka ɗauka musamman don wutar ana biyan ladansa duka, amma ma'aikacin dindindin sai na sa'o'in da ya ƙara a kan aikinsa na kullum, tun da dā ma jiha ce ke biyansa albashi. Ba a biyan mai gida kuɗin gidansa, ba a biyan ɗan kasuwa kuɗin kantinsa. Ba a biyan horad da ma'aikata, ko faɗaɗa hanya, ko share hanyar tare wuta in ba wutar ce ta doso ba. Ku riƙe wannan na ƙarshe, za mu komo kansa.

Ta shida ta akawuna ce. Jiha tana da wata 9 ta kai takardun neman kuɗinta. Kowace mota da sa'o'in da ta yi, kowane lebura da kwanakinsa, kowane buhun abinci da rasiɗinsa. Abin da inshora ko wata hukuma ta riga ta biya ba a sāke biyansa. Wanda kuma ya cinna wutar da gangan, doka ta ce Gwamnati tana iya binsa bashin abin da ta kashe.

ABIN YABO

Gaskiya ita ce, wanda ya tsara wannan ya san aikinsa. Wuta ba ta jiran a gama taron kwamiti, saboda haka aka ba mutum guda ikon cewa i ko a'a a daren nan. Shugaban 'yan kwana-kwana da ya san za a mayar wa jiharsa kashi uku cikin huɗu ba zai tsaya jinkirin kiran jirgin sama ba don tsoron kuɗi.

Kashi 25 ɗin nan da aka bar wa jiha shi ma hikima ce. Kowa ya san yadda ake yi da kuɗin da ba na kowa ba. In da Tarayya ce ke biya duka, da hayar mota guda ta zama ta uku a takarda. Amma in cikin kowace dala huɗu guda taka ce, za ka buɗe ido. Nisabin kuma ya hana jihohi su riƙa kai kuka a kan kowace 'yar wutar bayan gida. Kuma da yake an rubuta ƙa'idodin tun kafin wuta, jiha mai uwa a gindin murhu da marar ita ma'auninsu ɗaya ne a takarda.

INDA GIZO KE SAƘA

To, amma mu komo kan hanyar tare wuta. In wani gari ya ce zai share daji kewaye da shi tun da sauran sanyi, wannan gudummawa ba ta da ko kwabo dominsa. In ya zauna ya naɗe hannu har wuta ta zo bakin gari, sai a aiko da katafila ta share wannan wuri ɗin dai, cikin hayaƙi da firgita da tsada, Tarayya kuwa ta biya kashi 75. Ashe ke nan doka ta koya wa mutane jira. Ɗan sassaucin da ke ciki shi ne an yarda a biya kuɗin kawo ma'aikata da kaya daga nesa a girke su har kwana 21 kafin wutar, in an yi aiki da su a kanta. Wannan kuwa shirin yaƙi ne, bai hana yaƙin zuwa ba.

Wannan hali yana da asali. A watan Agusta na 1910 wata gobara ta cinye wajen eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana cikin kwana biyu, ta kashe mutum fiye da 80, yawancinsu masu kashe wuta. Abin ya girgiza ƙasar. A 1911 aka yi dokar da ta fara ba Tarayya damar haɗa kuɗi da jihohi don tsaron daji daga wuta. A 1935 Hukumar Gandun Daji ta kafa ƙa'ida, cewa duk wutar da aka ba da labarinta a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe. Suka yi ta kashewa shekara da shekaru. Amma daji da yawa a can dā ma ya saba da 'yar wuta mai bi ta ƙasa lokaci-lokaci tana share busassun ganye da ƙirare, mutanen ƙasar na asali ma da kansu suke sa ta. Da aka hana wannan, sai makamashi ya yi ta taruwa. Ga fari da zafi sun ƙaru, ga mutane sun yi ta gina gidaje a bakin daji. Yanzu in ta kama sai ta hau har ƙololuwar itatuwa.

Ku dubi abin da ya sami aljihun Hukumar Gandun Dajin. A 1995 aikin wuta kashi 16 cikin 100 ne na kuɗinta. A 2015 ya wuce rabi. In kuɗin kashe wuta ya ƙare a tsakiyar shekara, sai ta ranto daga sauran ayyukanta, har da na share daji da rage makamashi. Watau kamar manomin da ya ci irinsa ne don ya kai ga damina. Baɗi wuta ta fi ta bana, ya sāke cin iri.

A watan Nuwamba na 2018 wuta ta shafe garin Paradise a Kalifoniya, mutum 85 suka mutu, gine-gine fiye da 18,000 suka ƙone. Ba ƙarancin kuɗin kashe wuta ya jawo wannan ba. Iska ce ta kore ta cikin busasshen daji har tsakiyar gari kafin kowa ya shirya.

MANOMI FA, INA RABONSA?

A ƙarshen Fabrairu na 2024 wata ruɓaɓɓiyar falwayar lantarki ta faɗi cikin busasshiyar ciyawa a arewacin jihar Teksas, ƙasar masu kiwon shanu. Wutar, wadda aka sa wa suna Smokehouse Creek, ta ci fiye da eka miliyan 1, watau fili ya fi Jihar Legas faɗi, ba a taɓa yin irinta a Teksas ba. Gwamna ya nemi gudummawar nan, aka kuwa ba shi. Amma dubban shanun da suka mutu, da ciyawar da aka tara, da shingen waya na mil da mil, ba ko ɗaya da wannan kuɗi ya biya, don ba na mutane ba ne, na hukumomi ne.

Makiyayi sai ya nufi Ma'aikatar Gona ta Tarayya, wadda ke da nata shiri dabam. Can ana biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin dabba a kasuwa, a kan abin da ya wuce mutuwar da aka saba gani kowace shekara, ana kuma taimakawa da kuɗin mai da shinge. Amma sai ya nuna shaidar yawan dabbobinsa kafin wuta da yawan waɗanda suka mutu. Mai littafin lissafi ya samu, marar shi ya sha wuya. Ko wanda ya samu ɗin ma, ba a mayar masa da garken da ya yi shekara ashirin yana zaɓen irinsa, ba a mayar da ciyawar da za ta ɗauki lokaci kafin ta komo. Ga manomi da makiyayi, wutar da ba ta iso ba ita ce kaɗai riba.

ABIN DA MASU JA KE CEWA

Masu kāre wannan tsari suna da hujja biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, sun ce wutar da aka kashe kowa ya gan ta, ana iya ƙirga motoci da kwanaki. Wutar da aka hana tashi kuwa ba mai iya nuna ta, saboda haka kuɗin riga-kafi ya fi sauƙin sulalewa. Amsata ita ce, hanyar tare wuta ana iya auna ta da igiya, filin da aka share ana iya ƙirga ekarsa, mai duba aiki yana iya zuwa da rana tsaka ya gani da idonsa. Wannan ya fi sauƙin bincike bisa lissafin man da aka sha cikin hayaƙi da dare. Wata cibiyar nazarin gine-gine ta ƙasar ta yi lissafi a 2017, ta ce kowace dala guda da Tarayya ta bayar don riga-kafin gobarar bakin daji tana tsare asarar dala 3.

Ta biyu, sun ce riga-kafin ma yana da haɗari, don wani sashinsa da wuta ake yinsa. Haka ne. A 2022 ma'aikatan Hukumar Gandun Daji suka sa wutar share daji a jihar New Mexico, ta ƙwace musu, ta haɗu da wata da su ma suka sa, suka ci fiye da eka 340,000 da ɗaruruwan gidaje. Majalisa ta ware kusan dala miliyan 4,000 don biyan diyya. Wannan darasi ne mai ɗaci, amma abin da ya koyar shi ne a sa wuta a kan lokacinta, da ma'aikata isassu, a duba iska. Don wani ya yanke da lauje ba a daina yankan ciyawa.

GYARAN DA SUKA FARA

Su kansu sun gane. A 2018 Majalisa ta keɓe wani asusu dabam na kashe wuta, ya fara da dala miliyan 2,250 a 2020, an tsara ya kai miliyan 2,950 a 2027, don a daina cin iri. A wannan shekara ta 2018 kuma aka yi doka cewa jihar da ta sami gudummawar kashe wuta tana iya samun ƙarin kuɗi na riga-kafi. Madalla, sai dai har yanzu sai an ƙone ka tukuna. A 2021 aka ware dala miliyan 1,000 na shekara biyar don garuruwa su tsara shirin tsaron kansu su share kewayensu, aka ce a fara da matalautan garuruwa, ban da wasu kuɗin da aka ware na share gandun Tarayya. Amma ku gwada: a shekarar 2021 kaɗai Tarayya ta kashe fiye da dala miliyan 4,000 wajen kashe wuta. Har wa yau ƙaramin gari da ba shi da akawun da ya iya cika takardun neman gudummawa yakan ga kuɗin ya wuce shi ya tafi wurin masu shi.

MU KUMA FA?

Mu ba mu da jiragen zuba ruwa a kowane lardi, kuma ba dole sai mun same su ba. Abin da ya fi amfani a nan ya fi araha. A Jamhuriyar Nijar, bayan damina, Gwamnati da hukumomin agaji sukan biya mutanen karkara lada, kuɗi ko hatsi, su share dogayen hanyoyin tare wuta a makiyayar arewacin Tawa da Maraɗi da Damagaram. Talaka ya sami abin sa wa a baki da rani, ciyawa ta tsira, dabba ta kai damina. Ghana kuma, bayan gobarar 1983 da ta cinye gonakin koko da na abinci, ta yi doka a 1990 wadda ta ce a kafa 'yan sa-kai na kashe wuta a garuruwa. A Nijeriya akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa tun 1999, ga na jihohi, amma abin da manomi ya fi sani game da su shi ne buhun shinkafa da bargo da kwanon rufi bayan an yi asara.

Shawarata ga hukumomi ita ce su ɗauki abu uku daga Amurka, su bar ɗaya. Su rubuta ƙa'ida tun kafin wuta, kowa ya san ta. Su raba nauyi tsakanin Tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, kowa ya sa nasa. Su ce ba rasiɗi ba biya. Abin da za su bari shi ne jiran wuta. A fitad da kuɗin share hanyoyin tare wuta a watan Oktoba da Nuwamba, a miƙa aikin ta hannun dagatai da masu unguwa da ardo-ardo, malamin daji ya zo ya auna kafin a biya. Garin da ya share nasa a ba shi fifiko in tsautsayi ya faɗa masa duk da haka. Takardar neman kuɗin kuma kada ta wuce shafi guda, da Hausa.

Ku kuma manoma, kada ku jira hukuma. Ku kwashe amfanin gona da wuri. Ku share kewayen rumbu da inda kuka tara kara da harawa, ko taku goma ne. In za ku ƙone sassabe, ku yi da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, ku gaya wa maƙwabta, kada ku tashi sai ta mutu murus. Ku ja kunnen yara 'yan farauta. A Amurka ma fiye da kashi 80 cikin 100 na gobarar daji mutane ne sanadinta. Mai dabbobi ya sa a rubuta masa yawansu, ɗan kasuwa mai ajiyar hatsi a ƙauye ya riƙe lissafin buhunansa, don ran da za a tambaya.

Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani. Ƙasa mai arziki kamar Amurka ta yi shekara fiye da ɗari tana sayen magani da tsada kafin ta fara komawa kan wannan magana. Mu da ba mu da irin aljihunta, fartanya da adda da kwana uku na gayya sun ishe mu farawa. Allah ya kiyashe mu da gobara, ya sa mu ci abin da muka noma lafiya.